Marsandi CLK 350 mai buɗaɗɗen sama: shekara huɗu ina riƙonta a Sakkwato, ga abin da na gani

Tun da na sayi motar ga ba a yi sati guda ba wani bai tare ni da tambaya ba, ko gidan mai ko bakin masallaci ko in na tsaya sayen balangu da dare, kuma tambayar kusan guda ce, Alhaji tana shan mai? in ta lalace wa ke gyara ta garin ga? rufin ba ya yoyo da damina? Wasu matasa har lambata suke karɓa, bayan kwana biyu su turo min hoton wata da sunka gani wurin dillali su ce in duba masu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau guda, duk wanda ya sake tambaya in tura mai, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar gidan mai.

Motar dai Marsandi ce CLK 350 Cabriolet, ƙirar 2007, masu gyara suna ce ma jikinta A209. Ƙofa biyu, kujera huɗu, jiki ruwan azurfa, rufin yadi baƙi mai gilas a baya. Injinta V6 ne lita 3.5 wanda ake kira M272, ƙarfin doki 268, giya bakwai otomatik. An fara wagga ƙira a 2003, an ci gaba har zuwa wajen 2009, sannan E-Class mai buɗaɗɗen sama ta gaje ta a 2010. Ke nan duk wadda za ka gani kasuwa yau, komi ƙyallin fentinta, ta haura shekara goma sha biyar. Ka riƙe wanga lissafi a ranka don shi ne tushen duk abin da zan faɗa.

Na saye ta ƙarshen 2021 a Kaduna. 'Yar Amurka ce, mutum guda ya hau ta nan ƙasar kamin ni. Na tafi da makanikena tun daga Sakkwato, na biya mai mota da abinci da kwana, kuma har yau ina ganin kuɗin da sunka fi kowane amfani cikin cinikin ke nan. Dillalin da ya kai mu yana ta zuba, wai wata tsohuwa ce ke hawanta can Amurka daga gida sai kanti, kowa ya taɓa sayen mota ya san wagga tsohuwa, ita ke da rabin motocin da ke shigowa. Makanikena bai tanka mai ba, ya jona kwamfuta, ya buɗe bonet ya hasko tocila bayan inji yana neman lamba.

Ga dalilin lambar. Injin M272 na shekarun farko an san shi da wata cuta, akwai wani haƙori da sarƙar taimin ke bi ta kansa jikin wani ƙarfe mai rage rawar inji da ake kira balans shaf, ƙarfensa bai yi tauri yadda ya kamata ba sai ya riƙa cinyewa, taimin ya goce, wutar cek injin ta kama, kwamfuta ta nuna P0016 ko P0017. Haƙorin kansa ba wani babban abu ba ne amma sai an sauke inji ɗungurungum kamin a kai gare shi, aikin na iya cin kuɗin da ya kusa rabin motar. An gyara matsalar daga baya, injinan da lambarsu ta ƙarshe ta wuce 468993 sun tsira. Tawa ta wuce, makanikena ya ɗago kai yac ce "Alhaji wanga kam ka tsallake shi." In kana neman 2006 ko 2007 kar ka biya ko kwabo sai an karanto maka wagga lamba, kuma a jona kwamfuta bayan an zaga da motar ta yi zafi, don ana goge kod da safe kamin mai saye ya iso.

Takardu ma mun bi su, na kwastan musamman. Tun Janairun 2017 anka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, mu da muke kusa da Illela mun san yadda motoci ke biyo daji su shigo, in takardar diyuti ba ta gaskiya ba ce wata rana kan hanya za a raba ka da motarka. Na kuma sa an bincika lambar cesis ta intanet, don da yawan motocin Amurka daga gwanjon masu hatsari da waɗanda ambaliya ta ci ake kwaso su, kuma Marsandin da ta sha ruwa wayarinta ba ya ƙara zama daidai. Tawa an ga ta taɓa bugun bamba ta gaba, ba wani abu ba.

Inda na yi sake shi ne rufin. Na ce a buɗe, anka danna, cikin kamar daƙiƙa 20 gilasai sunka sauka, murfin baya ya ɗaga, yadin ya naɗe ya shige, murfi ya koma ya rufe kamar ba a taɓa yin rufi ba. Wallahi wurin nan zuciyata ta riga ta saye. Na ce a rufe a sake, na biyu lafiya, na ukku sai na ga ya ɗan yi nauyi wajen tashi, famfon yana wani kuka mai ja. Makanikena ya dube ni yac ce "Alhaji ni inji da giya nis sani, wanga tanti ban san shi ba, amma kukan ga bai yi man ba." Dillali ya ce batir ne ya yi sanyi. Na yarda da dillali don abin da nike son ji ke nan. Da na ɗaga kafet ɗin but na shafa da hannu a ranar da na ji danshin mai, da an rage min kuɗi mai yawa ko in fasa.

Abin da mutane ba su gane ba, mota irin wagga inji biyu gare ta. Akwai na gaba wanda kowa ya sani, akwai kuma na rufi, famfo ne mai aiki da wuta can baya wajen but, da tankinsa na mai ƙarami, da siraran tiyo da sunka bi jikin motar, da silinda da dama masu turawa da jawowa, da 'yan suwic ƙanana da ke gaya ma kwamfuta cewa wanga sashe ya kai, na gaba ya tashi. Guda ya ƙi, komi ya tsaya. Cikin kowace silinda akwai robar da ke riƙe mai, robar nan ta yi shekara goma sha wani abu, ta zo ƙasar da watan Afrilu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, to mi kake jira.

Wata huɗu da saye, cikin Maris, na taso daga wajen Gawon Nama da marece na tsaya gefen titi in rufe don iska ta taso da ƙura. Na danna, yadin ya fito ya miƙe tsaye sama kamar an kafa tuta, sai ya tsaya cak. Ba gaba ba baya. Famfo na kuka, sai ga mai yana ɗiga daga gefe bisa kujerar baya. Kan ka ce mi 'yan kabu-kabu sun kewaye ni, kowa na ba da shawara, wani ya kama ƙarfen zai ja da ƙarfi na ce don Allah ɗan'uwa sake shi. Allah ya taimake ni littafin motar na cikin aljihun dashbod, akwai bayanin yadda ake rufewa da hannu in ya maƙale, mutum biyu ake so, ɗaya kowane gefe, a ɗaga tare a hankali. Wani dattijo mai shago nan kusa shi ya kama min gefe guda, muna yi shina cewa "sannu sannu ɗana, kar ka karya abinka." Sai da munka yi kusan rabin awa, ana kiran magariba munka samu ya zauna. Allah ya saka ma bawan Allah nan da alheri.

Kuskure na biyu shi ya fi ci min rai. Washegari wani ya nuna min wani mai gyara, wai ya taɓa yin irinta. Ya duba tanki ya ga babu mai, ya aiki yaronsa ya sawo man giya ja ya ɗura. Rufi ya tashi, na yi murna na biya na tafi. Sati ukku bayan nan ba silinda guda ke yoyo ba, ukku ne. Wanga tsari man kansa gare shi, siriri ne, lambarsa MB 343.0, ba man giya ba, ba man birki ba, man birki ma shi ya fi muni don cinye robobin yake. Ban riƙe mutumin a zuciya ba, abin da ya sani ya yi, amma tun ranar na ɗauki doka, ba mai zuba wani ruwa cikin motar ga sai na karanta jikin robar da idona.

Gyaran gaskiya sai da ya ɗauki wata guda da 'yan kwanaki. Anka kwance silindodin duka, na aika Legas. Nan ma akwai zaɓi biyu, ko ka sayi na Beljiyam a Ladipo ko a sake ma naka roba sabuwa. Na Beljiyam ya fi saurin samu amma ka tuna shi ma daga jikin mota mai shekarun taka anka cire shi, robarsa tsohuwa ce, kana iya ɗaurawa ya yi wata shidda ya fara zuba. Na zaɓi a sake roba, kuma duka lokaci guda har waɗanda ba su fara yoyo ba, don wahalar kwance kafet da bangon ciki ita ce babba, ba ka son a yi ta sau ukku. Anka wanke tanki da tiyo, anka zuba man da ya dace. Yau shekara ukku da wani abu ko ɗigo ban gani ba. Makanikena da yac ce bai san tanti ba, tare munka zauna da waya muna kallon bidiyon yadda ake kwancewa, yanzu shi ne ke gaya min wane suwic ne ke wasa tun kamin a jona kwamfuta.

Wani ƙaramin abu da ke firgita sabon mai ita: cikin but akwai wani labule mai raba wurin kaya da wurin da rufi ke kwanciya, in ba a jawo shi ya zauna daidai ba rufin ba zai motsa ba ko kaɗan. Ƙanena ya taɓa sa buhun albasa ya ture shi, ya kira ni hankali tashe wai rufi ya mutu. Kamin ka kira kowa duba wanga labule. Kuma ka sani in rufi na ciki but ɗin ya zama ɗan kaɗan, jaka biyu ƙanana sun cika shi.

Sai yadin kansa, nan ne Sakkwato ke nuna hali. Rana ita ce babbar abokiyar gaba, tana cin launi, tana busar da zare, tana sake gam ɗin da ya riƙe gilas ɗin baya. Wanda ba shi da rumfa a gida kar ya sayi motar ga, iyakar gaskiyata ke nan. Ni sai da na kafa rumfar kwano a tsakar gida tun kamin in sake taya. Wurin aiki ma gindin dogon yaro nike nema, shi ma da nashi, don kashin tsuntsu da 'ya'yan itacen in sun kwana bisa yadi tabo suke bari, sai ka goge a ranar. Da hunturu kuwa ƙura ke shiga cikin saƙar yadin, in ka naɗe shi da ƙurar tana gogar shi daga ciki wurin lanƙwasa kamar sanfefa, shi ya sa nike ajiye buroshi mai laushi cikin mota, in kakkaɓe kamin in buɗe. Kar ka naɗe shi jiƙe, wari da fumfuna za su biyo. Wurin wankin mota kuma tsayawa nike a kansu, ba omo bisa rufi, ba matso da bakin injin feshi kusa da ɗinki ko roba, ruwa zalla da buroshi ya isa, sau biyu a shekara in shafa maganin da ke hana yadi shan ruwa, ɗaya kamin damina. Robobin gefen gilas da na saman gilas ɗin gaba ina shafa masu man silikon, ba basilin ba ba baƙin mai ba. Da wanga kula damina huɗu ruwa bai taɓa sauka kaina ba, sai ɗan ɗigo gefen direba ranar da anka yi ruwa da iska mai tsanani, shi ma gyaran zaman gilas ya kashe shi. A riƙa kuma zure ramukan da ruwa ke bi ya fita, na ƙasan gilas ɗin gaba da na wurin kwanciyar rufi, ƙasa da ganye na toshe su, in ruwa ya taru ya gangara wurin akwatin fyus ka shiga wani babi.

Injin kam ban da abin cewa sai alheri. Lafiyayye ne, shiru, in ka taka yana amsawa ba gardama. Baƙin mai lita 8 yake sha, kuma mai lambar MB 229.5 ake so, 5W-40 nike sawa, kuma don ƙurarmu ba na bari ya wuce kilomita 5,000. Lita takwas na man kirki kuɗi ne, nan da yawa ke karaya su koma na durom, daga nan labarin motar ya fara ƙarewa. Filtar iska biyu ce cikin murfin saman inji, da hunturu duk sati biyu nike sa a buɗe a duba. Fulogi shidda ne, ba kamar tsohuwar CLK 320 mai goma sha biyu ba. Abin da na gyara cikin shekarun ga: robar kular mai da ta fara jiƙa gaban inji, injin sitin, wato robobin da inji ke zaune kansu, guda biyu da sunka zauna har sitiyari na rawa in an tsaya, da wani ɗan hannun roba jikin manifol da ke karyewa in ya tsufa, an samu na ƙarfe anka sa. Duk gyaran tsufa ne.

Abu biyu nike roƙon duk mai Marsandi a garin ga kar ya bari a yi mai. Na farko cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka dairek, wai don ƙasarmu da zafi. Injin ga kwamfuta ke lissafa mai gwargwadon zafinsa, in ka hana shi kai zafin da anka tsara sai ya yi ta shan mai yana tara baƙi. In tana zafi a nemo dalili, lagireto ne ya toshe ko fanka ko famfon ruwa, kuma a sa ruwan kulan na gaskiya ba ruwan rijiya ba, ruwanmu na barin gishiri cikin lagireto. Tawa da tamostat ɗinta, cikin azumin da ya faɗo tsakiyar bazara da esi kunne a cunkoson kasuwa allurar ba ta taɓa wuce inda ta saba ba. Na biyu a kula da indomin salansa, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa wanda ake sacewa, in za ka bar mota gareji kwana biyu ka san hannun wanda ka bar ma, kuma ranar saye a leƙa ƙasa a tabbatar shina nan.

Giyar ita ma tana da nata sharaɗi. Ba ta da sandar awon mai, ta ƙasa ake ɗura mata da famfo kuma sai man ya kai wani zafi na musamman, digiri 45, ake daidaita shi, ke nan wanda ba shi da kwamfuta ba shi da ta cewa. Man ja ne mai lamba 236.14. Akwai wani faranti mai sensa cikinta da ke gajiya, in ya fara sai mota ta maƙale giya guda sai ka kashe ka tayar, kuma ba a ɗauko na wata mota a ɗaura haka nan sai an yi mai kodin. Nawa bai yi ba tukun, na sake mai da filta da na saya, na sake bayan shekara ukku, tana sauyi sumul.

Ƙasa kuwa motar gajera ce ƙwarai. Duk wani tudun rage gudu da mutanen unguwa sunka yi da kansu sai na bi shi a karkace, kuma akwai lungunan Mabera da ba na shiga da ita da damina ko an biya ni. Hannuwan gaba da bush ɗinsu na sake su sau guda. Tayoyin masu rim inci 17 ne kuma na baya sun fi na gaba faɗi, 225/45 gaba 245/40 baya, ba a juya su, ba kuma kowane shago ke da su ba. Ka duba shekarar taya, lamba huɗu ce a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, tsohuwar taya da kwaltar Sakkwato ta watan Mayu ba su haɗuwa lafiya. Kayan gyara na yau da kullum, birki, filta, fanbel, ana samu nan cikin gari ko a aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano kwana guda, don ƙasan motar da yawa irin na C-Class ce ta lokacin, W203, wadda ta cika gari. Abin da ya shafi rufi da gilasan gefe da fitilu ne sai Legas ko Apo a Abuja, wani lokaci sai an yi oda daga waje, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 komi ya ninka.

Mai kuma, tankinta lita 62. Cikin gari da esi abin da nike gani kilomita shidda zuwa bakwai a lita, kan doguwar hanya tana kai goma ko fiye. Kamin 29 ga Mayu 2023 ban damu ba, bayan cire tallafi kam na koma ina hawanta kwana biyu ko ukku a sati, sauran ranaku tsohuwar Corolla ta gida ke aiki, ita ke kai yara makaranta ita ke zuwa ƙauye. Wanda zai sayi CLK ta zama ita kaɗai ce motarsa ina ba shi shawara ya haƙura, ranar da ta kwanta jiran kaya daga Legas sati biyu zai gane. Kujerun baya ma na yara ne ko babba a tafiyar cikin gari. In na haɗa abin da na kashe shekarar farko, rufi da taya da rumfa da sabis, ya kusa kashi ɗaya cikin ukku na kuɗin sayenta, shekarun baya kuma abin ya sauka sosai.

Innata ranar da ta fara ganinta a buɗe tac ce "kai ko mi ad daɗin mota ba rufi cikin ranar ga?" Kuma tana da gaskiya, daga Maris zuwa Mayu da rana ba mai hankalin da zai buɗe, kujerar fata na ƙuna, sitiyari ba ya taɓuwa, sai dai ka rufe ka kunna esi, wanda alhamdulillahi yana sanyi ƙwarai, yadin mai kauri ne ninki-ninki ba ya barin zafi da ƙara kamar yadda mutane ke zato. Tsakiyar hunturu in buji ya sauko ma a rufe take. Lokacinta shi ne marecen damina bayan an ɗauke ruwa, da watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da daren bazara bayan isha'i in gari ya fara hucewa. In ka lissafa ba su fi wata biyar ba a shekara.

Amma waɗanga wata biyar ɗin su ne dalilin da har yau ban sayar ba ko da yake an taya ta ya fi sau goma. Akwai wata Juma'a cikin Agusta, an yi ruwa da azahar an ɗauke, bayan la'asar na ɗauki maiɗakina da ƙaramar ɗiyarmu munka bi hanyar jami'a. Daidai gadar Kwalkwalawa na rage gudu, gulbi ya cika ya bazu cikin fadama, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, ƙamshin jiƙaƙƙar ƙasa da hayaƙin masu suyar kifi na shigowa kai tsaye ba gilas tsakani, balbelu na tashi gefenmu. Na bi hanyar nan ya fi sau ɗari cikin wasu motoci ban taɓa jin kukan kwaɗin fadamar ba sai ranar. Maiɗakina ta riƙe mayafinta da hannu guda tana dariya, yarinyar a baya ta ɗaga hannuwa sama tana cewa Baba ƙara, Baba ƙara. In ka ɗaga gilasan gefe huɗu iska ba ta damun na gaba sosai har wajen gudun 80, hula dai a cire a aje, na rasa zanna guda a hanyar Bodinga kamin in koyi haka.

Inna ma daga baya ta shiga. Ranar wani ɗaurin aure na ɗauko ta da dare daga Runjin Sambo, na tambaye ta in buɗe, tac ce buɗe mu gani. Ba ta ce komi ba har munka iso gida, tana ta kallon sama, da za ta fita tac ce "ashe taurari na nan, mun bar dubin su." Tun ranar in za a kai ta unguwa da dare ita ke cewa a ɗauko mai tantin.

Kallo kam sai ka haƙura da shi, garinmu buɗaɗɗiyar mota an fi saninta da manya ranar taro ko ango, yara na bin ka da gudu, abokai na roƙon aro ranar ɗaukar amarya. Aro ne ba na badawa, sai dai in tuƙa da kaina, don mutum guda da zai danna rufi mota na tafiya ko ya ɗora kaya inda yadi ke kwanciya ya isa ya maishe ni inda na fito. Ba na kuma barinta waje da dare ko barin jaka a kujera, yadi ne, reza ta ishe shi, kuma bayan gari da dare a halin tsaron da muke ciki ba na fita da ita sam.

Masu turo min hotuna suna tambaya in ce e ko a'a, ga abin da nike gaya masu. In kana da rumfa, kana da wata motar, kana da makanike mai kwamfuta wanda ba ya jin kunyar cewa ban sani ba, kuma bayan ka biya kuɗin mota akwai sauran kamar kashi ukkunsa guda a ajiye, to je ka duba ta. Ka karanta lambar inji, ka buɗe rufi ka rufe sau biyar a jere inji na aiki kana saurare, ka ɗaga kafet ɗin but ka shafa, ka sa a watsa mata ruwa kana zaune ciki. In mai ita ya ce rufin "ɗan gyara kaɗan" yake so ko fyus ne kawai, ka yi mai godiya ka kama hanya, da fyus ne da ya sa da kansa kamin ka zo. Tawa yanzu saura in sake mata ɗinkin gefen gilas ɗin baya da ya fara saki wajen kusurwar hagu, na riga na yi magana da mai aikin kushin, bayan Sallah in Allah ya kai mu za mu zauna kansa kamin ruwan farko.